Shayin da Usta Ergash Ya Cika Fal

Ranar da Mohira ta fara ganin Doniyor, yana zaune shi kaɗai a bayan marina, yana gutsurar busasshiyar gurasa da hannuwan da rini ya mayar shuɗɗa. Abincin rana ta kawo wa mahaifinta, Usta Ergash, tsohon marini (usta muke ce wa gwanin sana'a), kamar yadda take yi tun rasuwar mahaifiyarta. Ni da nake saƙa a wannan masaƙar siliki ta Margilan, ta tagata na ga komai.

"Kai ba ka da abokan ci ne?" ta tambaye shi.

"Baƙo ne ni, daga Nukus na zo. Abokiyata kenan," ya nuna mata wata kyanwa.

"To ita ma na ga ta fi ka ƙiba."

Ta ajiye masa rumman ɗaya ta wuce. Yaron nan ya bi ta da kallo har ya manta da gurasar, kyanwa ta yi gaba da ita.

Daga nan fa waya ta ɗauki zafi tsakaninsu, har ta fara ce masa Doniyor-aka, wato yaya Doniyor.

"Mohira, yau rinin ya fito kalar gyalenki. Na kasa miƙa shi."

"Doniyor-aka, miƙa musu kayansu kafin a kore ka. Ka ci abinci?"

"In kin tambaya, ji nake kamar na ci, Rummanata."

Dukansu biyu kaɗaici ya ci su. Shi ɗakin haya, ba mai ce masa sannu da zuwa. Ita kuma gida ya yi tsit, daga ita sai uban da ba ya haɗa kalma biyar a wuni.

Ana cikin haka shugaban marina ya yi ritaya. A wurinmu ba a tambayar wa zai gaje shi, wanda ya fi daɗewa ne, kuma kowa ya san Usta Ergash ya yi furfura yana jiran kujerar nan. Sai sabuwar manaja, Feruza-opa, wato yaya Feruza, ta ce an daina. Gwaji za a yi, a ba kowa zare ya fito da kalar da aka nuna masa, wanda ya fi shi ne shugaba.

Masaƙa ta rabu biyu. Tsofaffi suna cewa, "Wato shekarunmu a kwata muka zuba?" Matasa suna cewa, "Mu kuma sai mun yi ƙusumbi za a dube mu?" Ni dai gaskiya ina bayan tsofaffi, don ni ma na kusa zama ɗaya.

Doniyor ya ci gwajin. Tun daga ranar ko kyanwar ma sai da ta fi shi samun gaisuwa.

Duk da haka ya taho da kawunsa neman aure. Usta Ergash ya karɓe su, ya shimfiɗa musu, ya ɗauko butar shayi. Mu nan, baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa a gindin kofi, don a yi ta ƙara masa, zama ya yi tsawo. Usta ya tsiyaya wa Doniyor har sai da kofi ya cika fal yana zuba. Kawun ya sunkuyar da kai, suka sha, suka nemi takalmansu.

Da yamma saƙon Doniyor ya shigo wa Mohira.

"Gobe zan ajiye muƙamin. Ke nake so, ba kujera ba."

"Kar ka kuskura. In ka ajiye, zai ce sadaka ka ba shi, kuma har abada ba zai yafe ba."

"To ya zan yi?"

Ba ta ba shi amsa ba, don ba ta da ita. Shi kuma ya ɗauka ta zaɓi ubanta ne ta bar shi, musamman da ya ji ana cewa ɗan limamin unguwarsu ya fara aiko da mata su gan ta. Ya daina rubutowa. Ita ma ta yi zuciya. Na sha ganinta ta wuce bayan marina ba ta waiwaya ba, idonta jawur, shi kuma yana zaune da gurasarsa a hannu. Wallahi sun ba ni tausayi.

Wata ranar Juma'a Usta Ergash ya miƙo wa Mohira zare biyu a tsakar gida, ya ce, "Wanne ne koren?" Ya daɗe yana yi mata wannan tambayar a ɓoye, tun da idonsa ya fara rauni.

Ta nuna masa. Sai ta ce wa mahaifin nata, "Dada, ka san Doniyor ya fi ka gani yanzu."

Ya ajiye zaren.

"Na sani, 'yata. Tun watan da ya zo na sani."

"To me ya yi maka?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Ni ustana ne ya ɗaga hannu ya sa mini albarka a gaban mutane kafin na taɓa tukunya ni kaɗai. Da sun tambaye ni, da bakina zan ce a ba yaron. Amma suka jera ni da yara, aka ba ni zare kamar ɗan koyo."

Mohira ta shiga ɗaki ta yi kuka, sannan ta ɗauki waya.

"Doniyor-aka, ba kujerar yake so ba. Albarkarsa ce ba ka nema ba."

Washegari Doniyor ya shiga wurin Feruza-opa. Ya ce gwaji ya yi, a ci gaba da shi, amma daga yau tsofaffin ustoci su zama alƙalai, kuma kada kowa ya hau sai sun sa masa albarka. Ta yarda, ta ce da ta san haka tun farko da ba ta sha harara wata guda ba.

Lokacin cin abinci, muna cike a tsakar masaƙa, ya je gaban Usta Ergash ya ɗora hannu a ƙirji.

"Usta, na hau ban nemi izininka ba. Ban san ana yi ba, amma laifina ne. Ba zan sake zama a kujerar nan ba sai ka sa mini albarka."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka fara wanke hannun nan naka tukuna. Ka zo gida da kawunka."

Suka je. Mohira tana bayan labule tana leƙe. Usta ya ɗaga buta, ya tsiyaya ɗan mitsitsi a gindin kofi, ya miƙa.

"Sha, ɗana. Akwai ƙari."

A zaman nan aka karya gurasar baiko. Bayan kaka aka ɗaura aure, aka dafa shinkafa da karas da naman rago har maƙwabtan maƙwabta suka ƙoshi. Usta Ergash ya ɗaga hannu ya ce Allah ya haɗa kansu, ya sa su tsufa a kan matashin kai ɗaya, muka shafa.

Yanzu in rana ta yi tsaka, mutum uku ne ke zama a bayan marina, kyanwa ta huɗu. Har yau Usta bai taɓa zuba wa surukinsa shayi ya wuce gindin kofi ba.