Kiran Madam Zuliha

Hidaya tana tankaɗe gari a tsakar gidansu na unguwar Zariya a Maraɗi, salular mijinta Hafizu ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya zura takalmi, ya fice zaure yana magana ƙasa-ƙasa har da 'yar dariya.

Madam Zuliha ce, ma'aikaciyar asibitin da aka kwantar da shi aka raba shi da shan ƙwayar tramol. Aikinta ke nan, bibiyar waɗanda aka sallama: kira da safe, randebu, wato zuwa asibiti a duba shi, ranar Alhamis. To amma je ka gaya wa mace mai son mijinta haka! Sau ɗaya Hidaya ta ganta, doguwa, ga wushirya, ga ƙamshi. Tun ranar kishi ya hana ta sakat.

"Mi kuke faɗi da ba a iya faɗinsa gabana?" ta tare shi da ya dawo.

"Haba Hidaya, maganar lafiyata ce."

"Lafiya! Ni da na kwashe amanka, na riƙe ka kana makyarkyata, ni ban isa a yi dariya da ni ba, sai madam!"

Ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki.

Ana cikin haka uwarsa, Inna Tsahara, ta iso daga Tsibiri da nata faɗan. "Wane irin ciwo ne ba ya ƙarewa? Kullum asibiti, har ana nuna ni a biki! Ga zaɓe ya zo, samari sai haɗiyar ƙwaya suke suna bin motocin kamfe. Ya tafi Jiratawa gonar kawunsa Mati, gumi ya fitar da sauran dattin."

Hidaya ta san an hana shi yin nisa da asibiti. Amma sai ta ce, "Wallahi gaskiyarki, Inna." Ranar tafiya kuwa ta zare layin salularsa ta jefa a murhu, ranta fes.

A Jiratawa aikin rani ba wasa ba ne. Tun safe ’yan ƙwadago suna duƙe cikin laka, mai sayar da kofi yana zagayawa, kowa kuma ya san abin da ake jefawa cikin kofin don baya ya daina ciwo. Hafizu ya daure, ya daure, ga shi babu wanda zai kira. Ranar da ya kasa, ya haɗiye ƙwayar daidai yadda ya saba a da. A bakin kwatar ruwa aka tsince shi, kumfa a baki.

Ba takalmi Hidaya ta iso asibitin Maraɗi. Wa za ta tarar a bakin gadon? Madam Zuliha. Ko a wannan halin sai da zuciyarta ta yi zafi.

"Zauna, ƙanwata," in ji Zuliha. "Wanda aka wanke wa jiki ya koma kamar bai taɓa sha ba. Abin da yake ɗauka a da, yanzu kashe shi zai yi. Saura kaɗan yau."

Hidaya ta fashe da kuka. "Ni na ƙone layin! Mi yake gaya miki da ni ba ya gaya mini?"

"Magana ɗaya ce kullum: 'Madam, yau ma raina ya biya.' Ni kuma in ja shi da hira har sha'awar ƙwayar ta wuce. Na sha ce masa ya faɗa miki. Ya ce kin wahala da yawa, kunyarki yake ji."

Wayyo! Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Allah ya tashi kafaɗun Hafizu. Inna ta sauko, Hidaya ta riƙa raka shi asibiti, tana koyon abin da za ta yi, ko da yake har yau sai ta sa zanenta mafi kyau in za ta ga madam. Lallai mai fita daga ƙwaya ba a ranar sallama yake warkewa ba. Haƙurin na gida ne sauran maganinsa, kishi marar bincike kuwa yana iya kai shi kabari.

Wata rana da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗaki, idonsa a ƙasa.

"Hidaya... yau raina ya biya."

Hawaye suka zubo mata, amma na daɗi. Ta sauke tukunyar da ke kan wuta, ta shimfiɗa tabarma.

"Zo ka zauna, Yaya. Ba inda za ni."