Kwalaye Goma Sha Ɗaya na Gildas

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe Gildas Ahouansou ya kai ƙara caji ofis cewa an yashe masa ɗakin littattafai. Kafin rana ta take, motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidana a unguwar Agla.

Ni ce Maman Afiavi. Shekara talatin da takwas ina aiki a gidan Ahouansou. Ni na goya Gildas, ni na wanke masa kashi, da ya gaji gidan ubansa kuma ni ke share masa. Ban yi makaranta ba. Na sa an rubuta wannan ne don duk wanda ya tsaya kallona ranar nan ya ji yadda ta ƙare.

Kuma sun tsaya. Mai shago ya bar shagonsa, matan layi suka fito da ludayi a hannu. Har Tanti Rozin da muke zama benci ɗaya a coci ta leƙo ta taga.

Wani gajeren mutum mai tabarau ya sauko daga motar.

"Maman, ina wuni. Ni ne Sufeto Adjovi. Ba kama ki na zo yi ba, tambaya ce kawai."

"Tambaya ce ka zo da mota mai fitila a ka? Babur ya ƙare a Kotonu?"

Ya sosa ƙeya. Ya buɗe mini gaba na zauna. Kaina a sunkuye har muka bar layin.

Muka isa gidan Gildas, yana jira a falo da matarsa Pelaji. Bai dube ni ba. Ya ja mu ɗakin da ke ƙasa, kusa da gareji.

Tun yana ɗan shekara goma yake tara littattafan zane, irin masu hotuna da magana tana fitowa daga bakin mutane. Wasu daga Faransa da Beljiyam, wasu daga Kinshasa da Abijan, kowanne cikin ledarsa. Ga kuma 'yan tsanan roba a kabad ɗin gilashi. Ƙato mai furfura a gemu, amma ka taɓa ɗaya ka ga tashin hankali.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Kwali goma sha ɗaya. Tsofaffin bugu ne, ba a samunsu yanzu ko da kuɗi."

"Yaushe?"

"Asabar ko Lahadi. Mun je biki Porto-Novo."

Sufeto ya duƙa ya duba ƙofar. Kwaɗon lafiya ƙalau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni," in ji Gildas, "da Maman."

"Dube ni ka faɗa," na ce. "Dube ni, Gildas!"

Ya dubi takalminsa.

Sufeto ya bi kantocin da ido daga sama har ƙasa. Na sama uku cike. Na ƙasa fayau.

"Maman, ke da kike sharewa, waɗanne ne suka fi daraja?"

"Na can sama, masu jar leda. Ko ƙura ba ya bari in kaɗe musu. Karatu ne ban iya ba, amma ina da ido."

"Haka ne, Misye?"

"Haka ne. Amma ɓarawo yana sauri, abin da ke kusa yake ɗauka."

"Yana da kwana biyu, ga makulli a hannu, ga kujera a ɗakin," in ji Sufeto. "Ɓarawon nan naka yana da ciwon kafaɗa ke nan."

Sai ya tsuguna ya dangwala yatsa a bango. Ya ɗago, ya shinshina.

"Madam, yaushe aka yi fenti?"

"Tun Ista," in ji Pelaji da sauri.

"Wata biyu ke nan, har yanzu yana danƙo? Kuma iyakar gwiwa kawai. Fentin ne ya ƙare?"

Pelaji ta dubi mijinta.

Ya fito da ni tsakar gida.

"Maman, yaushe rabonki da ɗakin nan?"

"Kwana goma sha biyu. Ya ce in je in huta."

"Ya saba ba ki hutu?"

"Ko da ubansa ya mutu ban huta ba."

"Kwana goma sha biyu," ya ƙirga da yatsu. "Washegarin ruwan Talatar nan ke nan, da kwale-kwale ya shiga Agla. Tun daga ranar ya zo wurinki?"

Na rufe ido. "Bai zo ba."

Ƙarya na yi. Ya zo ranar Juma'a, idonsa jawur, ya ari dutsen gugata na gawayi, wai wuta ta ɗauke musu. Ina tsaye ana kirana ɓarauniya, amma bakina ya ƙi tona yaron da na goya. Wannan kunyar kam ni na jawo wa kaina.

Washegari Sufeto ya zo ɗaukata a babur. Mutumin yana jin magana.

Muka je kamfanin inshorar da Gildas ya sa kayansa. Wata mai ɗaurin kai kamar hasumiya, Madam Kpadonu, ta jawo fayil.

"Da sassafen jiya ya kawo takardar neman diyya," ta ce. "Miliyan tara na sefa."

"Kafin ya zo wurinmu ke nan," in ji Sufeto. "Me inshorar ta ƙunsa?"

"Da, wuta da sata da ruwa. Amma shekara uku a jere kuɗin da yake zubawa yana hawa. Unguwarsu ruwa na cinta duk damina, ga darajar littattafan tana tashi. Muka ce ya mayar da su bene a rage masa. Ya ce benen ɗakin matarsa ne."

"Sai?"

"A watan Janairu ya zo ya ce a cire ruwa, a bar wuta da sata. Ya roƙe ni kada takarda ta je gida, a aika masa ofis."

Sufeto ya cire tabarau ya goge.

"In ruwa ya ci su, nawa zai samu?"

"Ko dala."

Ta juyo da takardar neman diyyar. Ni ban iya karatu ba, amma na san kamannin sunana, don na sha ganinsa a katin coci. Ga shi nan da hannun Gildas.

"Nan me aka rubuta?" na tambaya.

Sufeto ne ya karanta. "Wanda kake zargi."

Muka fito.

"Zargi ba hujja ba ce, Maman," ya ce. "Na san abin da ya faru, amma ina littattafan? In ban gan su ba, maganarsa ce da taki."

"Tasa a rubuce take. Tawa fa?"

Muka koma layin su Gildas. Yamma ta yi, Sufeto bai ci komai ba. A bakin kwalbati akwai wata mai suyar ƙosai, Dada Sika. Ya sayi na ɗari biyu, ta yago takarda ta naɗe masa.

Ya ci ɗaya, ya kai na biyu baki, sai ya tsaya.

Takardar ta yi ƙudundune irin na abin da ya jiƙe ya bushe. A jikinta wani mai doguwar hula yana bin kada da sanda, mai ya ɓata masa rabin fuska.

"Dada, ina kika samo wannan?"

"Na saya, Shef. Wallahi na saya."

"Wurin wa?"

Ta juya ƙosai. Ta sake juya wanda ta riga ta juya.

"Dada, in kwashe kaskon mu tafi ofis?"

"Haba Shef! A juji na tsinta, bayan gidan mai. Wata mota ce ta zubar ranar Asabar da safe. Masu ruɓa na bari, na ɗebi masu dama. Takarda ta yi tsada yanzu, ka sani."

"Wace irin mota?"

"Fara. Ai kusan kullum tana wucewa ta nan."

Motar Gildas fara ce. Dada Sika ta jawo buhu daga ƙarƙashin tebur. Sufeto ya zazzage. Ɗaruruwan shafuka, sun manne da juna, suna warin ruma. Ya ɗago ɗaya. A tsakiyar shafin akwai tabon ƙuna mai tsini, kamar hancin kwale-kwale, gefe ɗaya da ɗan giɓi.

Na san giɓin nan. Ni na yar da dutsen a kan dakali shekara shida da suka wuce.

"Dutsen gugata ne," na ce. "Ya zo ranar Juma'a ya ara. Ƙarya na yi maka jiya."

Sufeto ya dube ni ta saman tabarau.

"Na sani, Maman. Mai ƙarya na gaske ba ya amsa da ido a rufe."

Muka shiga gidan. Ya zube buhun a tsakiyar falo, kan kafet ɗin Pelaji. Takardar ƙosan ya ajiye a kan tebur, man na naso.

"Misye Ahouansou, na samo maka kayanka."

Gildas ya ɗauki takardar. Ya daɗe yana kallon mai doguwar hular. Sai ya shiga goge man da bakin rigarsa.

"Wannan Papa ne ya saya mini," ya ce. "Ranar da na ci jarrabawar firamare."

"Ina dutsen gugar?"

"Yana gareji."

"Faɗi yadda aka yi."

Ya zauna a ƙasa, kamar yadda yake yi in ya fasa kwano yana yaro.

"Ruwa ya shigo har gwiwa. Na shanya, na sa fanka, na goge, sai ƙonewa suke. Pelaji ta ce ai akwai inshora. Ban iya ce mata na cire ba. Ita ke ba ni kuɗin duk shekara, kuma da ya hau na kasa ce mata ta ƙara saboda littattafan yara."

"Ka cire?" Pelaji ta miƙe. "Ka ce mini in an ce ruwa ne sai sun yi shekara ba su biya ba, shi ya sa na yi maka ƙaryar fenti!"

"Sunan Maman fa?" in ji Sufeto.

"Takardar ce ta tambaya. Ba a fasa ƙofa ba, dole in rubuta wani. Na ɗauka ba za su taɓa tsohuwa ba."

"Ba su taɓa ni ba," na ce. "A mota kawai suka ɗauke ni a gaban duk layinmu. Da ka ce mini ruwa ne, da na zo na taya ka shanya, shashasha. Wa ya shanya maka katifa shekara bakwai bai gaya wa kowa ba?"

Ya rufe fuska.

Sufeto ya kira mota. Ƙarar ƙarya da yunƙurin damfarar kamfani, in ji shi. Na ce ina da buƙata ɗaya: motar ta biya ta layinmu.

Ta biya. Mai shago ya fito, matan suka fito, Tanti Rozin ta buɗe taga. Gildas ya sauko da ankwa a hannu.

"Maman ba ta ɗauki komai ba," ya ce. "Ni na yi mata ƙarya."

"Da ƙarfi. Rozin kunnenta ɗaya ne."

Ya maimaita da ƙarfi. Aka mayar da shi mota suka tafi.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ina tsaye sai na ji wata daga baya ta ce, "Ba shi ne wanda ta goya ba?" Na shige ɗaki na ja labule.

Yau mako uku. Pelaji ta aiko da atamfa, na mayar. Na layinmu da suka fito kallo har sau biyu, ko ɗaya bai taka ƙofata ya ce Maman yi haƙuri ba. Ina jira, kuma na san sunayenku.

Dutsen gugata kuma yana caji ofis, wai hujja ce sai an gama shari'a. Sufeto Adjovi, mutumin kirki ne kai, amma ran Lahadi da zane a yamutse na je coci, na zauna a bencin gaba. Ka dawo mini da abina.