Jajayen Ganguna a Bayan Gidan Inna

Mai Tifa ba mugu ba ne da farko, in dai gaskiya za a faɗa. Tsohuwar motarsa ɗaya, yana kwasar sharar kamfanoni yana ciyar da matarsa da 'yarsa da mahaifiyarsa, Inna. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kwangilar kwasar gangunan guba, wadda kullum masu motoci goma ke cinyewa.

Ƙa'idar aikin ba a ɓoye take ba. Gangunan da aka shafa wa jan fenti ake fara ɗauka, a kai su ramin siminti mai tafiyar yini, sannan a waiwayi kwalaye da ƙarafa. Nisan nan ne ke lashe riba.

Da rana tsaka ya shiga wurin boka neman sa'ar kwangilar. Ɗaki ne ba taga, ƙasarsa a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. A tsakiya akwai baƙar tukunya rufe da ɗanyar fata, fatar na ɗagawa tana sauka kamar cikin mai barci.

"Jini za a ba aljanin?" in ji Mai Tifa.

Boka ya ce, "Na ƙarƙashin ƙasa ya gaji da jini, ƙishirwa yake ji. Jajayen gangunan nan, kada ka kai su nesa. Ka juye masa a tsohon ramin da ke bayan unguwarku."

"Shi ke nan?"

"Shi zai sha, mutane su sha saura."

"Waɗanne mutane?"

"Arziki ka zo nema ko ƙidayar jama'a?"

Ya gane sarai, kada wani ya ce an yaudare shi. Dabara kawai ya ƙulla a ransa cewa zai kwashe iyalinsa kafin abin ya kai rijiyoyi.

Kwangila ta faɗo, ya shiga juye gubar a ramin. Motoci suka zama bakwai, ya gina bene can gefen gari. Amma Inna ta ƙi tashi.

"Ɗan nan, a ɗakin nan ubanka ya bar ni. Sai dai ka bar mini ƙawata ta riƙa taya ni hira."

Ƙawar ita ce 'yarsa tilo, mai shekara bakwai. Kunya ta hana shi faɗin dalili. Sai ya riƙa aika musu ruwan gora mota guda, yana jin ya toshe ƙofa. Inna kuwa rabar da shi take yi sadaka, wai ruwan roba ba ya kashe ƙishi kamar na rijiyarta.

Inna ce ta fara kumbura. Kwana arba'in bayan binne ta yarinyar ta bi, gashinta na zuba a hannun uwarta. Matarsa ta zauce, ta ƙi shan ruwa ko ɗigo, har sai an ɗaɗɗaure ta an ɗura mata. Da likitoci suka auna rijiyoyin unguwa, hukuma ta tono ramin, ta kwashe motocin, ta garƙame benen.

Yau yana tsare. Masu gadi sun ce ba ya kuka, sai dai in an miƙa masa kofin ruwa ya tambaya, "An ba yarinyar mai kyau?"

Abin tausayi ne, amma ba shi kaɗai aka yi wa rashi a unguwar ba. Kai mai kwaɗayin da ke shirin binne guba a bayan gidan wani, ka sani ruwan ƙasa ba ya tambayar ɗan wa zai sha.