Abin Da Gwaggo Dela Ta Gani Cikin Akwati

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin watan Agusta na shekarar 1960, Sakinatu tana sheƙar shinkafa a tsakar gidansu. Gidan yana wani ƙauye ne a bakin Kwara, tafiyar rabin sa'a daga Lolo. Gwaggonta Dela tana zaune kan tabarma tana kaɗi, da goro a kumatu.

"Ke, Sakinatu! Wagga shinkafa ko ta tsuntsaye ce? Rabi cikin faifai, rabi ƙasa!"

"Iska ce, Gwaggo."

"Iska? Iskar da ke tahowa daga Bagudo bisa keke ko? Tun safe idonki na ga ƙofa!"

Sakinatu ta sunkuyar da kai tana dariya. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara uku, Gwaggo Dela ce ta dawo gidan ƙanenta ta raine ta. Mahaifin, Malam Arzika, mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da kayansu a kwalekwale. Da yake Allah bai ba shi ɗa namiji ba, tun tana ƙarama yake shiga jirgi da ita, har ta iya tuƙi fiye da samarin garin.

Wanda take jira kuwa Bunyaminu ne, ɗan Bagudo, wanda ya yi shekara huɗu a Malanbil ta ƙasar Dahome yana koyon ɗaukar hoto. Kowace ranar kasuwar Lolo yakan kafa akwatinsa na ɗaukar hoto kusa da rumfar masu ɗinki. Can suka haɗu, ranar da ta tsaya tana kallonsa har kifin da ta kawo sayarwa ya fara ɗumi. An kai gaisuwa, an karɓa, an sa rana bayan kaka.

Ba a jima ba aka ji ƙararrawar keke da sallama. Sakinatu ce ta roƙe shi ya zo ya ɗauki gwaggonta hoto, amma da suka fito gindin ceɗiyar ƙofar gida sai tsohuwar ta ƙi zama.

"Ita ta fara," in ji ta. "In na ga ta tashi da ƙafafunta, sai in zauna."

Bunyaminu ya kafa akwatin katako kan ƙafafu uku, ya zaunar da Sakinatu a kujera, ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle yana daidaita gilashi. Gwaggo Dela ta zagayo bayansa tana harara.

"Kai yaro, mi kake kallo ciki haka, ka rufe kai kamar sabuwar amarya?"

"Zo ki gani, Gwaggo," in ji shi da fara'a. Wannan shi ne kuskurensa, kuma ya daɗe yana nadamarsa.

Ta cusa kai cikin ƙyallen. Sai ga ihu.

"Innalillahi! Ya kifar da ita! Jama'a, ya kifar min da ɗiya!"

Ta fito ɗankwali a karkace, ta fizgo Sakinatu daga kujera tana shafa ta tun daga kai har ƙafa.

"Gwaggo, lafiyata lau!"

"Rufe min baki! Da idona na gan ki, kai ƙasa, ƙafafu sama, kamar jemage! Ceɗiyar ma ya kifar da ita!"

"Gwaggo, haka gilashin yake," in ji Bunyaminu. "Kowace kyamara haka take nunawa. In an wanke hoton..."

"A wanke? Wa za ka wanke? Gawa aka wankewa! Kwashe tarkacenka ka bar ƙofar gidanga!"

Kafin la'asar labari ya gama ƙauyen, kafin kasuwa ta sake ci ya isa Lolo, kuma ya ƙara kitse a hanya. Aka ce yaron ya koyo asiri a Dahome. Aka ce duk macen da ya rufe cikin akwati ba ta ƙara musa masa magana. Wata ma ta rantse ta san wata a Sharabi da aka ɗauka hoto, ta haihu ɗan ya zo ta ƙafa.

Malam Arzika mutum ne mai ƙarancin magana. Bai yarda da zancen duka ba, amma Dela yayarsa ce, ita ta goya shi, ita ta goya 'yarsa. Ya kira Bunyaminu zaure ya ce, "Ban ce na fasa ba, ban kuma ce ina nan kan magana ba. Yaya Dela ta rantse in anka ɗaura wanga aure za ta bar min gida. Ka dakata da zuwa."

"Har yaushe, Baba?"

"Allah shi ka da sani."

Bunyaminu ya durƙusa ya ce ya ji, ya hau kekensa. Sai da ya wuce gonakin gero sannan ya sauka ya zauna bakin hanya.

Sakinatu kuwa kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ranar kasuwa ta kai kifi Lolo, ta tarar babu kowa gaban akwatin, Bunyaminu yana zaune yana goge gilashi mai tsabta. Ta tsaya nesa kaɗan, kamar mai taya atamfa.

"Na yi shawara," in ji shi, bai ɗago ba. "Zan sayar da shi. Akwai wani Bayarabe a Kamba da ke so. In koma gonar shinkafar babana."

"In ka sayar, ka tabbatar musu ke nan akwai abu ciki."

"To in ɗauke ki mu ƙetare. Malanbil akwai alƙali, akwai aiki. Wan de, yini ɗaya kawai, mun isa."

"In bar Baba da Gwaggo da abin faɗi har su mutu? A'a, Bunyaminu." Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin mayafi. "Ka san abin da ya tsai da ni gaban akwatinka ranar farko? Ban san fuskar innata ba. Ina tambayar Gwaggo, sai ta ce doguwa ce, mai wushirya. Shi ke nan abin da nike da shi. Sana'arka ba abin kunya ba ce. Ka riƙe ta, ni kuma ina riƙe da kai. Mu jira."

Suka jira. Ranar ɗaya ga Oktoba aka yi bikin samun mulkin kai, 'yan makaranta suka yi maci a Bagudo da ƙananan tutoci kore da fari, Bunyaminu ya ɗauke su hoto aji aji. Aka yanke gero, aka yanke shinkafa, ranar da aka sa ta zo ta wuce ba wanda ya ambace ta. Duk ranar kasuwa in ya hangi Gwaggo Dela sai ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta tofa addu'a cikin riga. Sau goma sha tara ya yi haka. Sakinatu ba ta taɓa ɗaga wa gwaggonta murya ba, tana yi mata tausa, tana dama mata fura. Masu neman aure biyu suka fito, ta ce wa mahaifinta a hankali ba ta so, shi kuma bai matsa ba.

Cikin watan Janairu sai ga wasiƙa daga Kumasi. Hassan, ɗan Gwaggo Dela da ke fataucin goro can, ya biya mata kujerar Makka. Aka yi ta guɗa, maƙwabta suka cika gida, har an fara kiranta Hajiya. Malamin da ya karanta wasiƙar ya gyara murya ya ce saura layi ɗaya: a hanzarta aiko hotonta guda huɗu, don ba a yin fasfo sai da hoto.

Guɗa ta tsaya.

"Ba wani mai akwati duk ƙasarga sai shi?" in ji Gwaggo Dela.

"Sai Birnin Kabi," in ji Malam Arzika. "Can ma akwati ne, Yaya."

Kwana biyu tana juya maganar. Ran na uku ta ce, "Arzika, ka aika a kira shi. Amma da sharaɗi. Kai za ka sa kai cikin ƙyallen, ka tsare ni. In ka ga ya taɓa wani abu, ka fasa akwatin."

Bunyaminu ya zo washegari da safe, ya kafa akwati gindin ceɗiyar nan. Gwaggo Dela ta zauna a kujera, ta ɗaure zanenta tamau, ta kuma matse shi tsakanin gwiwoyi da hannu biyu, don ko an kifar da ita kada tsiraicinta ya fito. Sakinatu tana leƙe daga zaure.

Malam Arzika ya yi bisimilla ya shiga ƙyallen. Ya daɗe. Sai aka ga kafaɗunsa suna girgiza.

"Arzika! Mi ka gani? Yi magana mana!"

"Na gan ki, Yaya." Bai fito daga ƙyallen ba. "Kai ƙasa, ƙafafu sama."

"Wayyo ni Dela! Ban faɗa ba?"

"Amma ɗankwalinki bai faɗi ba. Goron ma yana nan cikin bakinki."

Ya fito yana share hawayen dariya, abin da ba a taɓa gani ba tun rasuwar matarsa. Ya dubi yayarsa ya ce, "Shekara arba'in ina bisa ruwa. Duk safiyar da Kwara ta kwanta, giginyun bakin gaɓa kansu ƙasa suke cikin ruwa, da shanu, da masu wanki, har ni da jirgina. Ban taɓa jin giginya ta yi ciwon kai ba. Inuwa ce, Yaya. Inuwa muka hana yaranga aure a kanta wata biyar."

"Ƙarya kake, don ka ga ina tsoro!"

"Tashi ki duba ni."

Suka yi musanya. Malam Arzika ya zauna, ta leƙa da ido ɗaya, ta ga ƙanenta a kife yana ɗaga mata hannu. Ta fito ta dube shi zaune daram, ta koma, ta sake fitowa. Sau huɗu. Daga nan ta koma kujera, aka ɗauke ta hoto. Da Bunyaminu ya miƙa mata hotunan bayan ya wanke, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka na tsufa," in ji ta. Can ta ce, "Kai yaro. Kullum kana gaishe ni, ina tofa maka addu'ar tsari. Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji, Gwaggo. Amma na san don Sakinatu kike yi."

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Sakinatu ta fito da gudu ta rungume ta.

Aka ɗaura aure cikin Sha'aban, kafin azumi. Gwaggo Dela ta ce amarya ta roƙi duk abin da take so. Sakinatu ta ce abu biyu: ba a doki za a kai ta ba, a jirgin babanta, sannan a ɗauke su hoto ita da angonta tare, fuskarta a buɗe, filafilin tuƙin jirgi a hannunta.

"Amarya da ango wuri ɗaya, ido buɗe? Ba a taɓa yi ba!" in ji matan dangi.

"Yau za a yi," in ji Gwaggo Dela. "Wadda ba ta so ta rufe nata idon."

Aka ja jirgin kan yashi don kada ya motsa. Sakinatu ta zauna ciki da lalle har gwiwar hannu, riƙe da filafili, Bunyaminu ya daidaita gilashi. Sai a lokacin aka lura da matsala: in ango ya shiga jirgi, wa zai ɗauka? Maza suka ja baya, kowa na duban ɗan'uwansa.

"Matsa min," in ji Gwaggo Dela. "Mi ake yi?"

"Ki cire wannan murfin, ki ƙirga uku, ki mayar. Wan, tu, tiri. Shi ke nan."

"Ni ba ni ƙirgar Nasara."

Ango ya zauna kusa da amaryarsa ya ce, "Redi!" Gwaggo Dela ta cire murfi ta ɗaga murya: "Ɗaya, Allah shi ba ku zaman lafiya! Biyu, Allah shi ba ku zuri'a ɗayyiba! Uku... ke Sakinatu, rufe bakinki, haƙoranki duk waje!"

Amarya ta tuntsire da dariya, jama'a suka ɗauka.

Hoton ya fito da haske fiye da kima. Bunyaminu yana zaune ƙyam kamar soja, fuskar Sakinatu kuwa ta ɗan gauraye saboda dariya. Ya ce a sake, don sunansa na mai sana'a. Ta ce ko kusa. Shi suka rataye a ɗaki shekara arba'in da shida da suka yi tare, kuma duk baƙon da ya ce hoton bai fito sosai ba, sai Bunyaminu ya ce ai Hajiya Dela ce ta ɗauka.

Dukkansu huɗu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yara masu tasowa, ku lura: da sun ƙetare zuwa Malanbil ranar da ransu ya ɓaci, da sun sami juna sun rasa gida. Babban da ya tsaya muku a hanya sau da yawa tsoro ne ke damunsa, ba ƙiyayya ba, kuma tsoro ba ya fita da gardama. Ku yi haƙuri, ku ci gaba da gaishe shi, har ranar da zai duba da idonsa.