Makullin Dogo

Dab da magariba maigida ya aike ni shago in sabunta lasisi. Injin ɗinkin kwalliyarmu ba ya motsi sai an soka wa kwamfuta wani ɗan makulli mai kama da filashi. Duk shekara, daga can nesa kamfani ke sabunta lasisin da ke cikinsa.

Shekara tara abokin aikina Dogo ke riƙe da makullin nan, rataye da igiya a wuyansa kamar da shi aka haife shi. Ni na riga shi zuwa shagon, amma shi ake yabo. "Hannun Dogo daban ne," in ji masu kawo ɗinki. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Da ya rasu aka nemi makulli sama da ƙasa aka rasa, kamfani ya aiko sabo. Na yi kukan mutuwarsa, amma ranar da sabon ya iso har da 'yar waƙata.

Da na isa shago na soka sabon, na kira wata ma'aikaciyar kamfanin a waya.

"A sa sunana a kai," na ce.

Na ji tana danne-danne.

"Malam, cire tsohon tukuna. Ga shi ina gani, yana aiki."

"Wata biyu ke nan da ɓatansa."

"To, a kwamfutarku yake. Yanzun nan sabuntawar ta shige cikinsa."

Warin man zafi ya cika ɗakin. Irin wanda Dogo ke shafa wa wuyansa.

A bayana inji ya tashi. Cak. Cak. Cak.

Ban taɓa komai ba.

Na waiga. Allura na hawa tana sauka a kan farin yadi. Kujerar Dogo ta lotsa.

Wata igiya mai sanyi ta zagayo wuyana, ta fara matsewa.

"Nawa ne," aka raɗa mini a kunne.

Da ƙyar na miƙa hannu na fizge sabon makullin na yar. Igiyar ta saki. Takalmina ɗaya a can na baro shi.

Da safe maigida ya tsinci sabon makulli a ƙasa, wayam ba komai a ciki. Inji kuwa yana aiki lafiya lau, babu makulli a jikin kwamfuta, sunan Dogo a kan allo.

Yanzu ni aka ba kujerar, ni nake zane, ni nake zaɓen zare. Jiya wata mata ta karɓi mayafin da na yi mata, ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo.

"Allah ya jiƙan Dogo," ta ce. "Wannan aikin sai shi."