Na'a-na'ar Kaka Ta Yi Yaushi

"Akwai mai hannu a wannan ta'asa, kuma ya san kansa," in ji Kaka.

Tana tsaye a kan tsohon bokitin da ta shuka na'a-na'ar shayinta. Ganyen duk ya langaɓe.

Auta ta ɓoye littafinta a bayanta. Yarinyar nan kuwa, tambaya ce abincinta.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin malamar Turanci ta rubuta wilt a allo. Ta ce ma'anarsa yin yaushi, kamar ganyen da ya rasa ruwa. Ta ce har mutum akan faɗa wa, idan ƙarfinsa ya ƙare ko jikinsa ya yi sanyi.

Auta ta tambaya kwana nawa ganye ke yi kafin ya yi yaushi. Malama ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba.

To, shi ke nan! Ban ruwa a makon nan aikin Yaya ne. Auta ta ce ya bar mata, shi kuwa har da godiya. Ba ta zuba ko ɗigo ba. Kullum sai ta tsuguna ta zana ganyen a littafinta. A kwana na uku ta sami amsa.

Yanzu ga Baba ya juya kan Yaya. Ya ce tunda ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, babu shi babu wasan ƙarshe na gobe.

Yaya bai tona ta ba. Kafaɗunsa kawai suka sauka, kansa ya sunkuya. Auta ta dube shi, ta dubi bokitin. Ashe wannan ne wilt ɗin mutum.

"Baba, ni ce," ta ce, ta miƙa littafin. "So nake in gani da idona."

Kaka ta ƙura wa zanen ido. "Likitar ganye, da shayina za ki yi bincike? Da kin tambaye ni, ai da na cire miki reshe."

Auta ta ba kowa haƙuri. Ta ja bokitin inuwa, ta shayar da shi. Da safe ganye ya miƙe, Yaya ma ya ɗaure takalminsa na ƙwallo.

Son sani abu ne mai kyau, amma ba da kayan wani ba sai da izini. Kai mai karatu, ba ka taɓa kwance rediyon gidanku don ka ga mai maganar ciki ba? Musa mana, in ka isa.