Farin Hasken Sa'ida

Ruwa ake tsugawa a High Point Road da la'asar ɗin da Anti Rakiya ta watso kayan Sa'ida waje. Littattafanta suka zube cikin taɓo, ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuka ya hana ta ganin gabanta... Allah sarki marainiya! Shekara shida ke nan da iyayenta suka rasu a haɗarin mota a hanyar Funtuwa, Anti Rakiya, ƙanwar mahaifinta, ta ɗauko ta zuwa garin Greensboro na ƙasar Amurka da sunan riƙo, sai ga ta ta zama baiwar gida, wanki da girki da goge-goge duk a kanta. A hakan ta ci jarrabawa, jami'a ta ɗauki nauyin karatunta a fannin kimiyyar haske, sashen da Safwan, ɗan Anti Rakiya, ya riga ta shiga da shekara biyu.

A 1996 ne aka kawo wa sashen nasu wasu 'yan ƙananan ƙwayayen lantarki masu ba da shuɗin haske. Wata goma Sa'ida ta yi a ɗakin gwaji tana haɗa wani gari da za a shafa musu don hasken ya koma fari, yatsunta duk tabon ƙuna. Ranar da ta dace, murna ta sa ta nuna wa Safwan littafin da take rubuta komai a ciki, tana ganin ai ɗan'uwa ne. Ba a yi kwana uku ba littafin ya ɓata! Ashe Safwan ne ya ɗauke, ya kwafe shi da hannunsa, ya kai wa Farfesa Gregory, shugaban sashen, a matsayin aikinsa, har da ƙarar cewa Sa'ida na leƙa masa aiki. Aka dakatar da ita sai an yi bincike.

"Mu ciyar da ke, mu tufatar da ke, ki yi wa ɗana sata? Ba a gidana ba," in ji Anti Rakiya.

"Anti, wallahi aikina ne... ko don darajar Babana ki saurare ni."

Ƙofa kawai aka rufe mata.

Hajiya Kubura, wata 'yar Maraɗi mai shagon manja da daddawa a tsallaken titi, ita ta hango ta. Ta fito da lema, ta kama hannunta, ta ce, "Taho ɗiyata, a bar kukan sai an sha kunu." Mako uku Sa'ida tana gidanta, abinci ba ya shiga, kullum goshinta a ƙasa tana roƙon Allah Ya wanke ta. Da aka kira ta gaban kwamitin bincike ba ta yi musu da kowa ba. Abu ɗaya ta roƙa: a ba su kayan aiki iri ɗaya, kowa ya haɗa nasa a gaban malamai, Safwan ma ya riƙe littafin, ita ba ta buƙata.

Aka yi hakan. Safwan ya bi rubutun tiryan-tiryan, da aka kunna ƙwansa sai ga wani haske kore-kore mai duhu. Aka kunna na Sa'ida... fari tas, har ana iya karanta ƙananan rubutun jikin kwalba! Farfesa ya tambaye ta dalilin bambancin, ta bayyana cewa a gwajin ƙarshe ta ƙara zafin gashin garin, ba ta kai ga rubutawa ba littafin ya ɓace. Aka juya ga Safwan, gumi ya jiƙa masa riga, ya yi ta kame-kame da Turanci, daga ƙarshe ya amsa laifinsa, har ma ya ce uwarsa ta san komai. A makon aka kore shi. Labari ya bazu cikin Hausawan garin, har Anti Rakiya ta daina zuwa suna da biki don kunya.

Farfesa Gregory ya miƙe tsaye ya ba Sa'ida haƙuri a gaban kowa, ya ce sunanta ne zai hau kan binciken, gurbin digiri na gaba kuma yana jiranta. Daga nan ta kama hanyar da ta zama Dakta Sa'ida Iliyasu.

Da ta fito, ta zauna a matakala ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, hawaye masu sanyi na zuba, bakinta ba abin da yake maimaitawa sai Alhamdulillahi. Hajiya Kubura ta share mata fuska da bakin mayafinta.

"Hajiya," Sa'ida ta ce tana dariya cikin kuka, "yunwa nake ji."

"Madalla. Tashi mu tafi, miyar kuka na bisa wuta."